Ajiya Ke Kashe Firinta: Dalilin Toshewar Ƙofofin Tawada da Hanyar Rigakafi

Gabatarwa

A makarantun sakandare da dama akwai wata ɗabi'a da aka ɗauka ita ce matuƙar tattali. Idan ƙungiyar iyaye da malamai, ko ta tsofaffin ɗalibai, ta sayo wa makaranta na'urar buga takardu, wato firinta, sai a kai ta ofishin shugaban makaranta, a lulluɓe ta, a kulle, a ce kada kowa ya taɓa ta sai lokacin jarrabawa. Bayan wata biyu ko uku a ɗauko ta domin buga tambayoyi, sai ta riƙa fito da takarda mai fararen layuka a tsakiyar rubutu, ko ma ta fito da takardar fara fat kamar yadda ta shiga. Daga nan sai zargi ya tashi. Wani ya ce dillali ne ya sayar da jabu, wani ya ce akawu ne ya ɓata ta. Sau da yawa kuwa dillalin da akawun duk ba su da laifi, zaman da na'urar ta yi babu aiki shi ne ya toshe ta.

Matsayin wannan maƙala shi ne, firinta mai fesa tawada aiki ne ke raya ta, ajiya kuwa kashe ta take yi. Saboda haka makarantar da ba za ta iya kunna ta aƙalla sau ɗaya a mako ba, har da lokacin hutu, gara ta sayi wani nau'in tun farko. Abin da ake hasara a nan ya wuce kuɗin na'ura, domin akwai jarrabawar da ake ɗagawa, da malamin da ke komawa rubuta tambayoyi a allo, da kuma amanar masu ba da gudummawa, wadda idan ta zube da wuya a kwashe.

Yadda Na'urar Take Fesa Tawada

A cikin firinta akwai wani ɗan sashe da ke kai-da-komo a kan takarda, wanda ake kira kan feshi. A ƙarƙashinsa akwai ƙofofi ɗaruruwa, a wasu na'urorin ma dubbai, waɗanda ido ba ya iya rarrabe su. Faɗin kowace ƙofa yakan kama daga maikiromita 10 zuwa 30, maikiromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yakan kai kaurin maikiromita 50 zuwa 100, jar ƙwayar jini kuma faɗinta kimanin maikiromita 7 zuwa 8 ne. Ke nan jajayen ƙwayoyin jini biyu ko uku idan suka jeru sun isa su tare bakin irin wannan ƙofa.

Ɗigon da ke fita daga ƙofar ana auna shi da fikolita, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na lita. Firintocin hoto na iya fesa ɗigo mai girman fikolita 2 ko ƙasa da haka. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar abin, ɗigo ɗaya na maganin ido ya kai kimanin kashi ɗaya cikin ashirin na mililita, kuma daga cikinsa za a iya fitar da irin waɗancan ɗige-ɗigen har miliyan 25.

Hanyoyi biyu ne ake bi wajen tunkuɗo ɗigon. Ta farko ita ce ta zafi. A bayan kowace ƙofa akwai ɗan mitsitsin murhun lantarki da ke ɗaukar zafin kimanin digiri 300 a ma'aunin Salshiyas cikin ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari na daƙiƙa ba. Tawadar da ke manne da shi sai ta tafasa, ta yi kumfar tururi, kumfar ta tura ɗigo waje, sannan ta mace, sabuwar tawada ta cike gurbin. Ichiro Endo na kamfanin Canon a Japan ya gano wannan dabara a shekarar 1977, John Vaught na kamfanin Hewlett-Packard a Amurka kuma ya gano ta a nasa ɓangaren a 1979. Daga nan aka sami firintar ThinkJet a 1984 da DeskJet a 1988. Hanya ta biyu ita ce ta faizo, wadda kamfanin Epson ya shahara da ita tun 1993. Ana amfani da wani abu mai lanƙwashewa idan lantarki ya ratsa shi, sai ya matse ɗan ɗakin tawada, ɗigo ya fita. Asalin wannan ilimi binciken 'yan'uwa biyu ne na Faransa, Pierre da Jacques Curie, a shekarar 1880.

Duk hanyar da aka bi, sharaɗi ɗaya ne: dole tawada ta kasance tsaye a bakin kowace ƙofa, tana fuskantar iska, a shirye. A nan ne matsalar take.

Abin da Ke Toshe Ƙofofin

Tawadar firintocin ofis da na gida mafi yawanta ruwa ne. A cikin ruwan akwai launi, ko dai narkakken rini, ko kuma ɓarɓashin launi mai tsananin laushi da ke yawo cikinsa. Ana ƙara sinadarai masu riƙe danshi irin su gilisarin, wanda mutane ke shafawa a fata lokacin hunturu don kada ta tsage, da sinadarin da ke sa tawada ta bi siririn bututu, da kuma maganin da ke hana ƙwayoyin bakteriya da funfuna yaɗuwa a ciki. An tsara tawadar ta bushe cikin daƙiƙoƙi idan ta sauka a takarda. Wannan halin da ya sa ta yi amfani a takarda shi ne kuma ke sa ta bushe a bakin ƙofa idan aka bar ta.

Almajiri ya san wannan tun kafin zuwan kwamfuta. Tawadar da ake haɗawa da zuge da ƙaro, idan aka bar kurtu a buɗe sai ta yi kauri, idan kuma ta bushe a tsagar alƙalami sai ya ƙi rubutu har sai an wanke shi ko an sake feƙe shi. Bambancin kawai shi ne, tsagar alƙalami ana ganinta, ana kuma iya feƙewa, ƙofar firinta kuwa ba a gani, ba a kuma feƙewa.

Akwai wata doka da ɗaliban ilimin halittu suke haɗuwa da ita a darasin gudanar jini, wadda ke bayyana dalilin da ya sa ɗan bushewa kaɗan ke jawo babbar ɓarna. Jean Poiseuille, wani likitan Faransa, ya nuna a shekarun 1840 cewa yawan ruwan da ke bi ta siririn bututu yana raguwa matuƙa idan bututun ya ƙuntata. Idan faɗinsa ya ragu da rabi, gudun ruwan zai koma kashi ɗaya cikin 16. Ko da kashi ɗaya cikin biyar kawai ya ragu, abin da zai wuce bai fi kashi 41 cikin ɗari na da ba. Haka kuma, gwargwadon kaurin ruwa gwargwadon jinkirinsa. Wannan ne ya sa ɗan kitse da ya taru a jijiyar zuciya yake da haɗari. An tsara dokar ne domin ruwa mai gudu a natse cikin dogon bututu, amma darasinta ya shafi firinta kai tsaye, domin a bakin ƙofar da aka bari babu aiki abubuwan nan biyu suna faruwa tare: tawada tana yin kauri saboda ruwanta na tashi, busasshen launi kuma yana ƙuntata ƙofar.

Ba bushewa kaɗai ke hana feshi ba. Idan aka bar tawada ta ƙare ƙarƙaf a kurtu ko a tanki, iska takan shiga bututun. Kumfar iska kuwa matsuwa take yi ta shanye ƙarfin turin, sai ɗigo ya ƙi fita. Irin haka ke faruwa ga bishiya lokacin fari, inda kumfar iska ke yanke igiyar ruwa a cikin siraran bututun da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye, sai reshe ya bushe. A firinta mai amfani da zafi akwai ƙarin haɗari, domin tawadar ce ke sanyaya ɗan murhun nan. Idan aka ci gaba da bugu babu tawada a ƙofar, murhun na iya ƙonewa, wanda kuwa ya ƙone babu wankin da zai dawo da shi.

Dabarar da Maƙera Suka Yi

Halittu masu rai sun daɗe da fuskantar matsalar buɗaɗɗiyar ƙofa mai danshi a cikin busasshiyar iska. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ake kira sitomata, waɗanda girmansu bai yi nisa da na ƙofofin firinta ba, kuma yakan rufe su idan ruwa ya yi ƙaranci. Ido kuma yana ƙiftawa sau da dama a kowane minti domin ya share ƙura ya sabunta hawaye. Maƙeran firinta ma rufewa da sharewa da sabuntawa suka tanada. A gefe ɗaya na na'urar akwai mazaunin da kan feshi ke komawa idan ya gama aiki, inda wani murfin roba ke manne masa ya hana iska shiga. Akwai ɗan roba mai share fuskarsa, akwai kuma soso da yake tofar da 'yan ɗige-ɗige a ciki don ya zubar da tawadar da ta fara kauri.

Amma murfin nan jinkirta bushewa yake yi, ba ya hana ta har abada. Kuma ba ya aiki sai kan feshin ya koma mazauninsa. Idan aka kashe firinta ta maɓallinta, takan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi ta mayar da kan, ta rufe shi, sannan ta mutu. Idan kuwa aka zare waya daga bango, ko aka kashe janareta, ko aka ɗauke wuta tana tsakiyar bugu, kan zai iya tsayawa a inda yake, ƙofofinsa a buɗe, ya kwana a haka, ko ya yi hutun zango gaba ɗaya a haka.

Yanayin Ƙasar Hausa

Litattafan jagora na firintoci da yawa suna nuna cewa a yi amfani da su a zafin digiri 10 zuwa 35, da danshin iska kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. Duk wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya san cewa a watan Afrilu zafin rana yakan kai digiri 40, a tsakiyar hunturu kuma danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 da rana. Wato akwai watanni a shekara da firinta ke aiki a bakin iyakar abin da aka ƙera ta dominsa, ko ma a wajen iyakar. Hutun ƙarshen zangon farko yana faɗowa a cikin hunturu, na zango na biyu kuma a cikin bazara. Su ne lokutan da ake kulle ofis, su ne kuma lokutan da tawada ta fi saurin bushewa.

Ga kuma ƙura. Kaso mai yawa na hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda dubban shekaru da suka wuce ƙasan wani makeken tafki ne. Ƙurar wurin cike take da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa masu ƙwaya ɗaya da ake kira dayatom, kuma ɓawon nasu na silika ne, wato dangin yashi da gilashi. Wannan ƙura tana sauka a kan takarda, takarda ta kai ta ƙarƙashin kan feshi, tana kuma taruwa a leɓen murfin roba ta hana shi mannewa sosai. Saboda haka lulluɓe firinta da ƙyalle daidai ne, haka ma ajiye takarda a cikin ledarta. Kuskuren shi ne a ɗauka lulluɓin ya wadatar.

Rigakafi Ya Fi Magani

Matakan da ake buƙata ba su da yawa, ba su kuma da tsada. Na farko kuma mafi muhimmanci, a buga shafi ɗaya kowane mako mai ɗauke da dukkan launuka, domin buga baƙin rubutu kaɗai ba ya motsa ƙofofin shuɗi da ja da rawaya yadda ya kamata. Kusan kowace firinta tana da shafin gwajin ƙofofi, mai fito da 'yan layuka na kowane launi, inda giɓi a layi ke nuna ƙofar da ta toshe. A cikin hunturu a mayar da shi sau biyu a mako. Na biyu, a riƙa kashe na'urar ta maɓallinta, a jira ta yi shiru kafin a zare waya. Idan aka ɗauke wuta tana aiki, da zarar an dawo da ita a kunna, a bar kan ya koma mazauninsa. Na uku, a nisanta ta daga taga da hasken rana da iskar fanka. Na huɗu, kada a bar tawada ta sauka ƙasa da layin da aka zana a jikin tanki, kada kuma a cire kurtu a bar gurbinsa a buɗe.

Idan toshewa ta riga ta faru, a yi amfani da umarnin wanke kai da ke cikin na'urar, amma da lissafi. Kowane wanki yana zuƙe tawada mai yawa ya zuba a soson sharar da ke ciki, idan soson ya cika kuma wasu firintocin sukan tsaya cak sai an kai su wurin gyara. Shi ya sa litattafan jagora ke cewa idan an wanke sau uku ko huɗu babu canji, a kashe na'urar a bar ta sa'o'i 6 zuwa 12, gwargwadon samfurinta, don busasshiyar tawada ta jiƙa, kumfa kuma ta kwanta. Kurtun da ke ɗauke da ƙofofinsa a jikinsa ana iya cire shi a dangwala fuskarsa a kan tsumma marar gashi da aka jiƙa da tataccen ruwan tururi. Ruwan rijiya da na famfo suna da gishirin ƙasa da zai ƙara toshewa, kuma a kiyaye kada a rikita tataccen ruwa da ruwan batir mai asid. Allura ko tsinke kuwa kada su kusanci ƙofofin, domin bakin allura ya ninka ƙofar kauri.

Hujjojin Masu Ajiya

Masu kulle firinta suna da hujjojinsu, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa bugun mako-mako ɓarnar takarda da tawada ne. Lissafi ya nuna akasin haka. Shafi ɗaya a mako shafi 52 ne a shekara, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na rim mai takarda 500, kuma tawadar da shafin gwaji ke ci ba ta kama ƙafar wadda wanki ɗaya ke zubarwa ba. A firintocin da kan feshinsu dindindin ne, sauya kan da ya lalace yakan kusanci kuɗin sabuwar na'ura.

Suna kuma cewa idan ba a kulle ba, kowa zai zo ya buga katin biki da takardun gidansa. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa tsari ne: mutum ɗaya mai alhaki, da littafin rajista. Haka nan suna cewa babu wuta a makaranta lokacin hutu. Firinta mai fesa tawada kuwa wutar da take ja yayin bugu yawanci ba ta wuce wat 10 zuwa 20 ba, ƙaramin batirin sola da inbata sun ɗauke ta. Idan hakan ya faskara, babu aibu a damƙa ta a rubuce ga malamin da ke da wuta a gidansa har a dawo hutu.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta tsadar tawada. An daɗe ana sayar da firinta da araha, a mayar da riba ta kan kurtu, kuma wannan tsari ne ya tura mutane wurin masu ɗura tawada da sirinji a kasuwa. Wanda ya yi ƙorafi a kan haka yana da gaskiya. Firintoci masu tanki, waɗanda Epson ya fara sayarwa a Indunusiya a 2010, sauran kamfanoni kuma suka biyo baya, sun rage wannan nauyi ƙwarai. Duk da haka, gauraya tawada iri biyu, musamman ta rini da ta ɓarɓashi, na iya sa ta guda kamar madarar da aka ɗiga wa lemun tsami, tawadar da ba a tace da kyau ba kuma takan shigo da datti. Wanda zai sayi ta kasuwa ya tsaya a kan iri ɗaya da ya dace da na'urarsa, domin araha ba ta ado.

Akwai kuma makarantun da amsar gaskiya a gare su ita ce kada su sayi mai fesa tawada ko kaɗan. Idan aikin makaranta shi ne buga tambayoyi baƙi da fari sau uku a shekara, firinta mai leza ta fi dacewa. Tana amfani da busasshen gari da ake kira tona, wanda ake narkarwa a kan takarda da zafi, don haka babu abin da zai bushe ko ta yi watanni a kulle. Aibinta shi ne tana jan wuta ta ɗaruruwan wat, tana kuma wahalar da ƙaramin janareta ko inbata. Kwamitin saye ya kamata ya amsa tambayoyi biyu kafin ya je kasuwa: sau nawa za a buga a wata, kuma wace irin wuta ake da ita?

Kammalawa

Wannan aiki na mako-mako ya dace a ɗora shi a kan ƙungiyar kimiyya ta ɗalibai, ƙarƙashin kulawar malami. Su buga shafin gwaji, su rubuta kwanan wata da zafin ɗaki a jikinsa, su ƙirga giɓin da ke cikin layuka, su adana a fayil. A ƙarshen shekara za su ga da idonsu bambancin damina da hunturu. Za su kuma iya ɗiga ruwan rini a faranti uku, ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe, ɗaya an gauraya shi da gilisarin, su auna lokacin bushewar kowanne. Darasin tashin tururi da na numfashin ganye duk suna cikin wannan ɗan gwaji.

Na'urar da ake raina wa kulawa ta riga ta shiga ɗakunan binciken halittu. A shekarar 2003 Thomas Boland na Jami'ar Clemson a Amurka ya nemi rajistar dabarar fesa ƙwayoyin halitta masu rai da firinta mai tawada da aka yi wa kwaskwarima, kuma wannan na daga cikin tushen fagen buga tsokar jiki da ake bincike a kansa a yau. Ɗalibin da ya fahimci abin da ke hana ƙofa mai faɗin maikiromita 20 bushewa ya kama bakin zaren wannan ilimi. Shugabannin makarantu kuwa, kafin a rufe ofis a tafi hutu mai zuwa, ya kamata a rubuta sunan wanda zai kunna firinta da ranar da zai kunna ta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.